Bankunan da suka durƙushe a 2009: wa aka ɗaure, wa ya biya?

Baban Khalifa, Agege:
Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024 tambayar nan ke cina. Duk lokacin da banki ya durƙushe a ƙasar nan, abin da muke ji shi ne NDIC, hukumar inshorar ajiya, za ta biya masu ajiya, an naɗa sabbin shugabanni, an canza suna, an sake fenti. To waɗanda suka ci kuɗin fa? Mu ɗauki 2009, tunda ita ce shekarar da aka fi tayar da ƙura. Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya kori shugabannin bankuna takwas, Babban Banki ya zuba naira biliyan 620 don kada su nutse, muka ga hotunan manya a jarida ana shiga da su kotu a Ikoyi. Daga nan sai shiru. Masu ilimin cikinmu ku taimaka: wa aka ɗaure, shekara nawa, kuma daga aljihun wa kuɗin nan ya fita a ƙarshe?

Barista, Ikeja:
Wa alaikumus salam Baban Khalifa. An ɗaure wasu, sai dai in ka ji lokacin da aka ɗauka ranka zai ɓaci.

Ranar 14 ga Agustan 2009 aka fara da biyar: Intercontinental, Oceanic, Union, Afribank da Finbank, aka ba su biliyan 420. A Oktoba aka ƙara da Bank PHB, Spring da Equitorial Trust. EFCC, lokacin Farida Waziri ce shugaba, ta kwashi mutane.

Wadda aka fara gamawa da ita ita ce Cecilia Ibru ta Oceanic, a Oktoban 2010. Ta amsa laifi bisa yarjejeniya da masu gabatar da ƙara, aka yanke mata wata shida, ta sallama kadarori na kusan naira biliyan 191, gidaje a nan da Dubai da Amurka, da hannun jari a kamfanoni. Okey Nwosu na Finbank sai Janairun 2021 kotun jiha da ke nan Ikeja ta ba shi shekara uku. Francis Atuche na Bank PHB shi ma 2021 aka same shi da laifi kan naira biliyan 25.7, ya yi ta ɗaukaka ƙara har Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2024. Erastus Akingbola na Intercontinental kuwa nasa ya fi tsawo. Ya musanta tuhumar, wani alƙali ya kori ƙarar a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da ita, Kotun Ƙoli a 2018 ta ce ya koma ya fuskanci shari'a, a 2019 aka sake gurfanar da shi daga farko. Alhali tun 2012 wata kotu a Landan ta gama tata shari'ar ta neman haƙƙi, ta umarce shi ya biya bankin sama da fam miliyan 600.

Alhaji na Mile 12:
Wata shida! Barista, maimaita min, ko idona ne. Yaron da ke yi mana dako an kama shi a wani samame da daddare, ba a same shi da komai ba sai rashin katin shaida, ya fi wata shida a Kirikiri yana jiran a kira sunansa a kotu. Sai da muka yi karo-karo a kasuwa muka ɗauki lauya. Ita kuwa har ma an ce akasarin wa'adin a gadon asibiti ta yi shi. In haka ne ai sata ta zama sana'a, abin da ake buƙata kawai ka saci mai yawa.

Ɗan canji, Broad Street:
Alhaji, a yi haƙuri, ni ban ga wata shidan ba, biliyan 191 ɗin na gani. A canjin wancan lokaci ya haura dala biliyan ɗaya. Da an ce sai an ɗaure ta shekara ashirin, da ta ƙi amsa laifi, da ta ɗauko manyan lauyoyi kamar sauran, da har 2021 ana ɗage zama, gidajen kuma da an sayar da su ta bayan fage tuntuni. Wanne ya fi wa ƙasa?

Alhaji na Mile 12:
Wanda ya fi wa ƙasa shi ne a karɓi kuɗin kuma a ɗaure mutum. Wa ya ce sai an zaɓi ɗaya? Ɓarawon akuya in ya maido da akuyar sakinsa ake yi?

Anti Maman Ihsan, Surulere:
Ina karanta ku tun ɗazu. Ni na yi aikin banki a Marina a shekarun nan, ba zan faɗi wanne ba, amma bari in gaya muku yadda abin ya kasance daga ciki, domin da yawa suna zaton wani ne ya buɗe ma'ajiya ya loda kuɗi a buhu.

Bayan Soludo, gwamnan Babban Banki kafin Sanusi, ya ce kowane banki sai ya mallaki jarin biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna 89 suka koma 25. Kuɗi ya yi musu yawa, wurin zuba shi ya yi kaɗan. Sai aka koma kasuwar hannun jari. Kowace Litinin da safe akwai taro, manaja zai karanto sunan kowa da adadin da aka ɗora masa ya kawo. Wanda bai cika ba a tsaye yake sauraron taron. Mukan ɗauki fom mu shiga kasuwa, Balogun, Idumota, har Alaba Rago wajen 'yan uwanmu, muna cewa Alhaji sayi hannun jarin bankinmu, in kuɗinka bai kai ba mu ranta maka. Ka gane? Banki zai ba ka bashi ka sayi hannun jarinsa, ya riƙe takardun a matsayin jingina. Kamar dillalin shanu ne ya ranta maka kuɗi ka sayi sansa da tsada, ya ci gaba da riƙe san a turkensa, gobe ya ce wa kasuwa ku ga yadda ake rububin shanuna. Farashi ya yi ta hawa, kowa na murna, a takarda kowa ya zama attajiri.

A Maris ɗin 2008 darajar kasuwar ta haura tiriliyan 12. Shekara guda bayan haka fiye da rabi ya narke. Turawan da suka zuba kuɗi sun janye saboda gobarar da ta tashi a gidajensu, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga dala 147 zuwa ƙasa da 40, waɗanda aka ba bashin shigo da mai suka kasa biya. Jinginar da ke hannun banki ta zama takarda kawai. Maimakon a rubuta asara, sai aka riƙa sabunta bashin ana nuna shi a littafi kamar lafiyayye, ana ci gaba da shelanta riba. Mu ƙanana mun san akwai matsala tun da aka fara cewa a lallashi mai babbar ajiya kada ya cire kuɗinsa ranar Juma'a.

Da Babban Banki ya shigo da masu bincike, bankuna biyar ɗin farko kaɗai an same su da ruɓaɓɓen bashi sama da tiriliyan ɗaya, wajen kashi 40 cikin ɗari na duk abin da suka bayar. A laccar da Sanusi ya yi a Jami'ar Bayero a 2010 ya ba da labarin bankin da ya ci bashi ya sayi jiragen sama, aka tarar an yi musu rajista da sunan ɗan shugaban bankin, da wani da ya buɗe kamfanonin bogi har 100. Wannan ba faɗuwar kasuwa ba ce, wannan da gangan ne.

Hajiya ta Idi-Araba:
Maman Ihsan, ashe ku ne! Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ni kuɗin adashina da na sayar da awarwaro na haɗa na saya, wata yarinya mai fara'a ta zo har gida da fom. Aka ba ni takarda mai ado da hatimi, na sa ta a ƙasan akwati. Shekarar farko har da 'yar riba aka aiko min. Yanzu takardar na nan, jikokina sun taɓa tambayata ko shaidar makaranta ce. Ba wanda ya zo ya ce min ko sannu.

Anti Maman Ihsan, Surulere:
Hajiya, wallahi mu ma mun saya. An tilasta wa ma'aikata su ɗauka, ana cira daga albashi. Da aka haɗe bankunan aka sallami dubban mu, muka fita da bashin hannun jarin da ba shi da daraja a wuyanmu.

Ɗan canji, Broad Street:
Ni fa har yanzu ina kan bakana, Najeriya ta yi abin a yaba a wannan karon. Ku dubi Amurka inda gobarar ta samo asali. Lehman Brothers ya faɗi a Satumban 2008, majalisarsu ta ware dala biliyan 700 don ceto, miliyoyin mutane suka rasa gidajensu. Manyan shugabannin bankunan Wall Street nawa aka ɗaure? Wanda ake ta ambato mutum ɗaya ne, Kareem Serageldin na Credit Suisse, wata 30, shi ma ba shi ne kan gaba a bankin ba. Sauran kuwa, tarar kuɗi aka ci bankunan: JPMorgan dala biliyan 13 a 2013, Bank of America sama da biliyan 16 a 2014. Kuɗin masu hannun jari aka biya da shi, shugabannin suka tafi da garaɓasarsu. Mu nan aƙalla gwamnan Babban Banki ya kira su da suna, ya kore su, kuma ba mai ajiyar da ya rasa ko kwabo.

Ɗalibi, Akoka:
Yallaɓai, me ya sa kullum sai mu auna kanmu da wanda ya fi mu lalacewa a abu? Ga Aisland, ƙasar da yawan mutanenta bai kai na Agege ba. Manyan bankunanta uku sun rushe a 2008, suka naɗa mai gabatar da ƙara na musamman da ba shi da wani aiki sai wannan, suka ɗaure shugabannin bankin Kaupthing da wasu da dama. Ailan ta ɗaure David Drumm na bankin Anglo Irish shekara shida a 2018. Nan kusa ma Ghana ta ba William Ato Essien na Capital Bank shekara 15 a 2023, bayan ya kasa cika alƙawarin maido da kuɗin da ya ɗauka. Ita kanta Amurkar, a rikicin bankunan ajiya na shekarun 1980, ɗaruruwa ta ɗaure. Ba rashin iyawa ba ne, rashin so ne.

Baba Tsoho, Obalende:
Ku yara ba ku ga zamanin Abacha ba. Dokar soja mai lamba 18 ta 1994, kotunan musamman na bankunan da suka durƙushe. Ba ruwansu da babbar rigarka. In kana son beli sai ka ajiye rabin kuɗin da ake tuhumarka da shi. Mun ga masu bankuna da masu cin bashi suna sayar da gidajen Ikoyi da hannunsu suna kai kuɗi. Wasu suka tsere Ingila ba su dawo ba sai da mulki ya canza. A Janairun 1998 bankuna 26 aka rufe a tashi ɗaya. Tsoro ya shiga mutane. Yanzu wa ke tsoron wa?

Barista, Ikeja:
Baba, ranka ya daɗe, da girmanka amma a nan zan saɓa maka. Kotunan nan sun karɓo kuɗi, ban musa ba. Amma an tsare mutane shekaru ba a gama shari'arsu ba, har da ƙananan ma'aikatan da sa hannu kawai aka umarce su su yi, kuma wanda ke da uwa a gindin murhu ba a taɓa shi ba. Ƙari a kan haka, mai dokar da kansa, Abacha, an shafe shekaru ana maido da abin da ya kai Suwizalan. A 1999 aka rushe kotunan aka mai da shari'un Babbar Kotun Tarayya.

Abin da ya kashe shari'un 2009 ba rashin doka ba ne, wasan hurumi ne. EFCC ta kai wasu kotun jiha da tuhumar sata. Lauyoyin Nwosu suka ce a'a, wannan magana ce ta hannun jari, Kotun Tarayya kaɗai ke da hurumi. A 2013 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda da su. Nan take sauran waɗanda ake tuhuma suka ɗauki hukuncin suka ruga nasu kotunan da shi. Sai 2016 Kotun Ƙoli ta warware ta ce a koma a ci gaba. Shekaru sun tafi a kan tambayar wane ɗaki za a zauna, ba a ma taɓo ko an ci kuɗin ko ba a ci ba. Sannan in aka ɗaga alƙali zuwa kotun gaba, ko ya yi ritaya, sai a faro daga shaida na ɗaya. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta yi ƙoƙarin toshe wannan, ta ce alƙalin da aka ɗaga zai iya dawowa ya ƙarasa, amma Kotun Ƙoli ta soke wannan sashe a 2020 a shari'ar da ta shafi Orji Kalu. A tsawon lokacin nan shaidu na mutuwa, masu bincike na barin aiki, takardu na ɓacewa. Mai kuɗi ba ya buƙatar a wanke shi, jinkiri kawai yake saye.

Baba Tsoho, Obalende:
To ai ka faɗi maganata da bakinka, Barista. Soja ba ya sayar da jinkiri.

Barista, Ikeja:
Yana sayar da wani abin da ya fi shi tsada, Baba. Mu bar shi a nan.

Direban tanka, Apapa:
Ni abin da na riƙa ji a garejinmu lokacin shi ne wai Sanusi ajandar Arewa ya zo da ita, ya ƙwace bankunan 'yan Kudu ya ba 'yan uwansa. Har faɗa an yi da wani abokin aikina a kan haka.

Anti Maman Ihsan, Surulere:
An faɗa, har shafuka aka saya a jaridu. Amma duba wa ya saya: Access ya ɗauki Intercontinental, Ecobank ya ɗauki Oceanic, FCMB ya ɗauki Finbank, Sterling ya ɗauki Equitorial Trust. Wanne ne na Kano a ciki? Wannan waƙar duk wanda aka kama da ita yake fara kare kansa.

Mai kula da zaure:
Jama'a a kiyaye, kada mu karkata zuwa ƙabilanci ko rikicin masarauta. Duk wanda ya kawo maganar sarautar Kano a nan zan goge.

Malam na Alaba Rago:
Akwai ɓangaren da kuka tsallake, kuma a ganina shi ne babba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Banki ba ya ba iska bashi. Kwanaki kaɗan bayan korar, Babban Banki ya buga sunayen manyan masu cin bashin a jaridu, na tuna mutane sun yi cincirindo wajen mai jarida a Ojo suna karantawa. Attajirai ne da 'yan siyasa da masu kamfanonin mai, sunayen da kowa ya sani. Wasu suka ce lissafin ba daidai ba ne, wasu suka biya wani abu. Nawa ne daga cikinsu suka kwana a gidan yari? Shugaban banki ya tafi kotu, wanda ya karɓi kuɗin ya tafi ɗaurin aure a jirgin haya.

A addini ma bashi ba abin wasa ba ne, jinkirin mawadaci wajen biya zalunci ne. Talaka ya ci bashin dubu hamsin a manhajar waya, a aika wa duk lambobin da ke wayarsa saƙon cin mutunci. Mai biliyan hamsin kuwa sai a gayyace shi tattaunawa a ba shi shayi.

Barista, Ikeja:
Malam ya taɓo inda amsar tambayar Baban Khalifa ta uku take. A 2010 aka kafa hukumar AMCON, ta saye ruɓaɓɓen bashin daga bankuna ta ba su takardun lamuni da gwamnati ta tsaya wa. Wato bashin ya tashi daga littafin banki ya koma wuyan hukuma. A Agustan 2011 uku da suka kasa samun mai saye aka karɓe su: Afribank ya zama Mainstreet, Spring ya zama Enterprise, Bank PHB ya zama Keystone. An ce AMCON shekara goma za ta yi, ga shi ta wuce, ana bin ta tiriliyoyi, ita ma tana bin tiriliyoyi, kuma ita da bakinta ta sha faɗin cewa 'yan ɗaruruwan mutane ne ke riƙe da mafi yawan bashin. Ta ƙwace wasu kadarori, kamar Arik a 2017, amma kowace ƙwacewa da tata shari'ar. Bankuna na biyan harajin rabin kashi ɗaya cikin ɗari na dukiyarsu duk shekara don cike ramin. Kana ganin daga aljihun daraktoci yake fita? Yana cikin kuɗin ruwan da ake ɗora maka da 'yan cire-ciren da kake gani a saƙon waya.

Ɗan canji, Broad Street:
Duk da haka da ba a yi ba, da layin da za a gani a Marina ya kai Ebute Metta. Lokacin inshorar ajiya ba ta taka kara ta karya ba, ko bayan an ɗaga ta a 2010 dubu 500 ce, sai 2024 ta koma miliyan biyar. Ceton dole ne.

Ɗalibi, Akoka:
Ba wanda ya ce kada a ceci masu ajiya, yallaɓai. Ceton banki daban, ceton mai banki daban. Kuma in gyaran ya kama, me ya kawo faɗuwar bankin Skye a 2018 har ya koma Polaris da wani sabon kuɗin AMCON? Me ya kawo Heritage?

Anti Maman Ihsan, Surulere:
Ƙanena, ƙara da wannan. Kowane ɗaya daga bankunan nan yana da kwamitin daraktoci da ke zama suna karɓar alawus. Yana da kamfanin binciken kuɗi na waje da ya sa hannu a kan rahoton shekara ya ce lafiya lau. Akwai masu sa ido na Babban Banki da na NDIC da ke zuwa duba littafi, mu ne ma muke kai musu abinci ɗakin taro. Akwai hukumar kasuwar hannun jari da ta ga farashi na ninkawa ba dalili. A 2007 da 2008 lambobin yabo aka riƙa ba mutanen nan a manyan otal. An kafa doka a 2010 cewa shugaban banki kada ya wuce shekara goma, an raba harkar banki da ta dillancin hannun jari, duk sun yi kyau. Amma hukunci ya tsaya a kan fuskokin da jarida ta sani. Wanda aikinsa shi ne ya gani ya yi shiru, ya ci gaba da aikinsa, wasu ma ƙarin girma suka samu.

Alhaji na Mile 12:
Shi ya sa ni tumatir ɗina da albasata sun ishe ni. Ko sun ruɓe ina ganin ruɓar da idona.

Hajiya ta Idi-Araba:
Barista, ni dai tambayata ƙarama ce. Takardar nan tawa, in jefar ko akwai abin da zan samu?

Barista, Ikeja:
Kada ki jefar, Hajiya. Ya danganta da bankin. In yana cikin waɗanda wani banki ya saya, an musanya wa masu hannun jari nasu da na sabon, duk da an rage yawansa ƙwarai, kuma mai yiwuwa akwai ribar shekaru da ta taru ba ki karɓa ba. Sai a nemi kamfanin da ke riƙe da rajistar masu hannun jarin, ki je da takardar da katin shaida da lambar BVN, a cika fom a riƙa turo miki ta asusu. In kuwa yana cikin ukun da aka karɓe a 2011, masu hannun jari su ne na ƙarshe a layi, bayan masu ajiya da masu bin bashi, kuma ramin ya fi abin da ya rage zurfi. Ki sa a ɗauki hoton takardar a turo min ta gefe, a rufe lambar kafin a turo, sunan bankin da shekarar kawai nake son gani.